Tikiti Biyu a Aljihun Clive

Lerwick, 3 ga Satumba

Noreen tamu,

Gaisuwa mai yawa daga wannan tsibiri na iska. Ina fata kina lafiya, ke da malalacin mijin nan naki. Ni dai ga ni nan, gwiwa tana ciwo in ana ruwa, kuma kullum ruwa ake yi. Kunne kuwa ya ƙara tafiya, shekara arba'in a ɗakin injin jirgi ba wasa ba ne. Matar da nake haya a gidanta ta ce ranar Lahadi waya ta yi ta ƙara ina zaune kusa da ita ina cin burodi. In ke ce kika kira, ki yi haƙuri ki koma wa biro.

Ga abin da ya sa na rubuto. Na tsinci jarida a bakin teku, an naɗe kifi da rabinta, a ɗaya rabin kuma na ga su Len Garside za su yi wasansu na ban kwana a Manchester ranar 14 ga Nuwamba. Har da hoto. Len ya koma kamar Goggo Ida in ta cire haƙoran roba. Biyu daga cikinsu sun mutu, mai ganga kuma an ce sai an riƙo shi yake hawa dandamali, amma har yanzu wai su ne sarakunan kiɗan rok.

Kin tuna 1975 a kulob ɗin 'yan haƙar kwal? Kwabo sittin muka biya. Motarsu ta mace a ƙofa, ni da Clive muka tura ta har gangare, ke kina riƙe da rigunanmu kina zaginmu. Ranar kika fara ganin Clive, kuma ni na kawo miki shi, har yau ba ki biya ni ba.

Ki gaya masa in ya samo tikiti zan sauko, ko da iyo ne.

Ɗan kawunki,
Terence

Barnsley, 12 ga Satumba

Terence,

Na sami wasiƙarka, muna lafiya. Ƙuguna yana nan yadda ka san shi, asibiti sun ce sai bazara za su yi aikin. 'Yarmu Paula ta kira daga Kanada, yara lafiya.

Da ka san abin da layinka na ƙarshe zai jawo da ka bar shi a cikin biro. A teburin shayi na karanta wa Clive, na yi dariya, shi bai yi ba. Ya sa na sake karantawa. Washegari ya sauko da tsofaffin faya-fayansa daga rufin ɗaki, tun daga ranar gidan nan ba a jin komai sai ihun Len Garside.

Ranar Juma'a aka fara sayar da tikitin. Matar laburare ta zaunar da mu gaban kwamfuta tun ƙarfe tara. Aka ce mu ne na dubu talatin da ɗaya a layi. Layi ne da ba ka ganin kowa, lamba kawai kake kallo tana raguwa. Awa uku muka yi. A jarida fam ɗari da tamanin da biyar suka rubuta, da muka iso gaba ya zama ɗari huɗu da sittin, kujera ɗaya, can sama kusa da rufi. Matar ta ce haka ake yi yanzu, in masu nema sun yi yawa sai kuɗin ya hau da kansa. Aka ba mu minti huɗu mu yanke shawara. Clive ya zaro katin banki, ni kuma na ɗora hannuna a kan nasa na danne har mintocin suka ƙare. Da muka koma gida ko abincin rana bai ci ba.

Mu da ba mu kunna na'urar ɗumama gida ba tukuna saboda tsada. Tsoffi huɗu masu gidaje a ƙasar Sifen, me za su yi da kuɗin fanshonmu?

Akwai wani abu kuma. Clive yana ɗan ɓacewa kwanan nan. Ranar Talata ya fita sayen madara, sai bayan awa uku ya dawo, babu madarar.

Noreen

Lerwick, 24 ga Satumba

Noreen tamu,

Gaisuwa. Lafiyata ƙalau, sai dai tari. Allah ya kawo bazara da wuri saboda ƙugun nan.

Awa uku babu madara? Haba Noreen. Tun kafin ki aure shi yake irin wannan ɓacewar, kuma duk garin an san mashayar da yake ɓacewa a ciki. Ki bar bawan Allah ya sha kofinsa.

Kuɗin tikitin fashi ne da rana, ban musa ba. Amma mutumin nan ya yi shekara goma sha takwas a ƙarƙashin ƙasa, ya yi ashirin yana tuƙa bas, bai taɓa neman komai don kansa ba in ban da tattabarun nan. In yana so ya ga tsoffin banza suna tsalle sau ɗaya kafin mu mutu, kada ki zama ke ce ƙofar da ta hana shi. Kin faye riƙo, haka Goggo take.

Jibi zan wuce tsibirin Unst, akwai jiragen kamun kifi uku da injinsu ya lalace. Ban san kwana nawa zan yi ba.

Terence

Barnsley, 9 ga Oktoba

Terence,

Ina fata tarin ya tafi. Ni ban da lafiya sosai, ba na barci.

Ba ka gane ni ba, laifina ne kuma, don na kasa rubuta abin da sunansa. Ba mashaya yake zuwa ba. Ranar madarar, a ƙofar tsohon ramin kwal maƙwabcinmu ya same shi, wurin da aka rufe shekara talatin da wani abu, yanzu ma shagunan kafet ne. Yana tsaye yana jiran a buɗe ya shiga aiki. Makon jiya na kai shi wurin likita. Ta ba shi takarda ta ce ya zana agogo. Ya zana da'ira mai kyau, sannan ya tara lambobin duka a gefe ɗaya kamar an karkata faranti. Ya dube ni yana murmushi wai ya ci jarrabawa. Likitar ta ce ciwon mantuwa ne, ya fara nisa, kuma zuciyarsa ma ba ta son wahala.

Ranar Asabar na fita bayan gida shanya, na ji shiru. Ka san gidan nan ba a taɓa jin shiru a bayansa ba. Na buɗe ɗakin tattabaru, babu ko ɗaya. Ashirin da shida, har da shuɗin nan da ya dawo daga Faransa a kwana ɗaya. Na shiga na same shi yana shan shayi, na ce, Clive, ina tattabarun?

Ya ce, "Sun riga mu zuwa Manchester."

Sutcliffe na bayan coci ya sayar wa. Ya haɗa da kayan aikin babansa da agogon da kamfanin bas suka ba shi. Wani mutum a kulob, wanda surukinsa ya sayi tikiti goma don ya sayar, shi ya ba shi biyu, fam ɗari biyar da ashirin kowanne. Takardu ne guda biyu da aka buga a gida, ni ma zan iya buga irinsu. Na je kulob ɗin neman mutumin, aka ce ba ɗan nan ba ne, wucewa yake yi.

Na ce to in ya zama dole ni zan raka shi, ko da keken guragu ne. Ya ce a'a, na biyun na Tel ne, wato kai, Tel ya yi alkawari. Gaskiya kuma ba zan iya matakalan nan da turmutsutsun mutum dubu ashirin ba.

Don haka ka saurare ni. Ka ce wasa kake yi, na sani. Shi bai sani ba. In za ka zo, ka tare shi a tasha, ka riƙe hannunsa har ka maido min shi, zan bar shi ya tafi. In ba za ka zo ba ka faɗa min a fili, in san ƙaryar da zan shirya masa. Shi kaɗai dai ba zai taka jirgin ƙasan nan ba.

Noreen

Barnsley, 22 ga Oktoba

Terence,

Gaisuwa. Mako biyu ban ji daga gare ka ba. Ko fushi ka yi, ko ba ka dawo ba, ko wani abu ya same ka, ban sani ba. Na kira gidan sau biyu ba a ɗauka ba.

Tattabarun suna dawowa. Kowace safiya sai in ga goma ko sha ɗaya a jere a kan rufin ɗakinsu, ba sa kuka, suna kallon tagar kicin. Sutcliffe ya zo da kwando sau uku. Na ukun ya ce in suka sake zai murɗe wuyansu, shi ba zai ciyar da tsuntsun da ba ya kwana gidansa ba. Clive yana fita ya watsa musu hatsi, ya ƙirga su, ya shigo ransa a ɓace ya tambaye ni wa ya sace sauran. Na faɗa masa gaskiya sau ɗaya. Ba zan sake ba.

Amma tikitin bai taɓa mantawa da su ba. Ya sa su a leda, suna aljihun ƙirjinsa, yana taɓa wurin kamar mai ciwo. Ya manta sunan jikarsa ranar Lahadi, amma ka tambaye shi saura kwana nawa, zai faɗa maka daidai. Yana tashi tun kafin ni ya tsaya a ƙofa jiran mai kawo wasiƙu.

Na kuma gano ya daina shan ƙwayar zuciyarsa mai sa fitsari. A cikin takalminsa na same su. Wai yana koya wa jikinsa ne, kada fitsari ya tashe shi a tsakiyar wasa. Yanzu daka ta nake yi in zuba masa a kunun safe.

Ka rubuto, ko layi ɗaya ne.

Noreen

Lerwick, 29 ga Oktoba

Noreen tamu,

Gaisuwa, da neman gafara. Yau na dawo daga Unst, iska ta tsare mu, na tarar da wasiƙunki biyu a ƙarƙashin ƙofa. Na karanta ta farko a tsaye, ta biyu sai da na zauna. Ni jaki ne. Kin gaya min mijinki yana nutsewa, ni kuma na ba ki labarin mashaya. Abin da na faɗa game da riƙo, ki yafe min.

Zan zo. Na duba lokutan jirage. Ki sa shi a na ƙarfe biyu da rabi daga Barnsley, zai sauka Manchester wajen huɗu. Nawa daga arewa yana riga shi isa, zai tarar da ni a tsaye a bakin dandamali. Na nema mana ɗaki kusa da tasha, mu kwana, washegari in kawo miki shi har kicin. In tikitin na jabu ne in kai shi ya ci kifi da dankali, in ce masa Len ya mutu.

2 ga Nuwamba, asibiti

Noreen, ban kai ga aika waccan takardar ba, na haɗo miki ita don ki ga da gaske na yi niyya. Ranar Litinin na zame daga tsani a bakin jirgin ruwa, ƙafata ta karye wuri biyu. Sun sa ƙarfe. Likita ya ce ba inda za ni kafin mako shida, ko bayi sai an kai ni.

Ba zan zo ba. Kada ki bar shi ya tafi. Ki ɓoye tikitin, ki ce an ɗaga wasan, ki ɗora laifin a kaina, duk wanda ya yi miki. Na sa wata nas ta kira gidanku jiya, ta ce namiji ne ya ɗauka, ya yi godiya sosai, ya ce zai faɗa miki. Ban natsu da wannan ba, shi ya sa na rubuta.

Terence

Barnsley, 10 ga Nuwamba

Terence,

Allah ya saka maka da alheri. Clive ne ya kawo min wasiƙarka da kansa, ya riga ya buɗe, fuskarsa kamar ta yaro ranar Kirsimeti. Ka cika takardar har gindinta ka manta da sallama, ko sunanka ba ka sa ba. Tsufa ya kama ka kai ma.

Na yafe maka. Tun ranar nake barci.

Jirgin biyu da rabi, kamar yadda ka ce. Na ɗinka masa takarda a cikin babbar rigarsa ta sanyi, da sunansa da lambar gida. Ƙwayar dare tana aljihun hagu, ka tabbata ya haɗiye a gabanka, ka duba ƙarƙashin harshe. Kada ka bar shi ya sha giya fiye da kofi ɗaya. In ya kira ka da sunan babanka, ka amsa kawai.

Ya fito da tsohuwar rigar fatarsa, ba ta rufe cikinsa, ya ce ita zai sa. Na ce sai dai a ƙarƙashin babbar riga, an ce sanyi mai tsanani yana tafe a makon nan. Na yi masa aski. Jiya ya kama ni a kicin wai sai mun yi rawa, da ƙugun nan nawa.

Ba zan dame ku da waya ba, na san ba ji za ka yi ba. Sai kun iso ranar Laraba, zan dafa naman rago.

Noreen

Lerwick, 16 ga Nuwamba

Noreen,

Yanzu aka kawo min wasiƙarki, jirgin ruwa bai shigo ba kwana huɗu. Takarda biyu na aiko miki. Biyu. Ina ta biyun?

Nas ta kira gidanku sau shida tun safe, ba a ɗauka. Ta kira kulob, sun ce ba su gan ku ba. Ban da lambar Paula. Don Allah duk inda kike ki sa wani ya kira asibitin nan, su rubuta min a takarda.

Terence

Manchester, 23 ga Nuwamba

Terence,

Yana da rai. Na san an faɗa maka wannan, ga sauran. Ina fata ƙafar tana haɗuwa.

Ni na sa shi a jirgin da hannuna, na ba shi burodi da cuku a leda. Na koma gida na jiƙa wake, hankalina kwance. Ranar Laraba da rana, naman yana kan wuta, 'yan sanda biyu suka buga ƙofa.

Ya sauka ƙarfe huɗu daidai. Babbar rigar ya bar ta a kujerar jirgi, da takardar da na ɗinka, da ƙwayar. Ya zauna a benci a bakin dandamali. Ma'aikatan tasha biyu sun tambaye shi ko lafiya, ya ce musu Tel yake jira, jirginsa daga arewa ne ya makara. Sun ce ya yi musu magana tsaf, har ya ba ɗayansu rabin burodinsa, shi ya sa ba su yi zargin komai ba. Da aka zo rufe wannan ɓangaren sai ya koma waje, rumfar masu jiran bas, inda zai riƙa ganin ƙofa. Wata mai sayar da kofi ce ta same shi da safe. Sanyi ya shiga huhunsa, kuma jini ya ɗan toshe a kansa. Hannun hagu ba ya motsi.

Daga bencin zuwa wurin wasan tafiyar minti goma sha biyar ce. 'Yan sanda sun duba tikitin. Na gaske ne, Terence, duka biyun. Da sun ce min na jabu ne da na fi samun sauƙi.

Takardarka ta biyu na same ta da na koma ɗauko masa kaya. Tana cikin gwangwanin hatsin tattabaru, an ninke ta huɗu. Ya karanta, ya gane ba zan bar shi ba, ya ɓoye ta. Wayonsa ya kai nan. Sannan ya manta ya ɓoye, ya tafi ya zauna jiranka da zuciya ɗaya. Ni kuma na ga wasiƙa babu sa hannu na yi maka dariya. Wannan laifin nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Wata nas a nan ta je wasan. Ta ce Len a kan kujera ya yi rabin waƙoƙin, awa ɗaya da kwata aka tashi, kuma sun riga sun sanar da wani wasan ban kwanan a baɗi.

Ga abin da nake so ka sani kafin ka zo, in za ka zo. Tun da ya farfaɗo yake ba kowa labarin wasan. Ya ce kun shiga, kujerunku suna gaba, Len ya gane shi ya ɗaga masa hannu. Ya ce ka yi kuka kamar mace a waƙa ta uku, har ya ji kunya. Ni jiya sau biyu ya ɗauke ni nas ce. Amma duk wanda ya buɗe ƙofa sai ya ɗaga kai, sannan ya ce min, "Tel ya je sayo mana abin sha ne, layin yana da tsawo."

Likita ya ce kada in sa rai zai koma gida kafin Kirsimeti, da ya ga na zuba masa ido sai ya ce kada in sa rai da yawa gaba ɗaya. Paula tana hanya.

Ban taɓa roƙonka ka yi min ƙarya ba sai yau.

Noreen

Lerwick, 27 ga Nuwamba

Noreen tamu,

Na gode da kika rubuta min duka. Ƙafar tana nan.

Na sa hannu a takardar asibiti cewa da kaina na fita. Likitan ya yi faɗa, ban ji rabinsa ba. Jirgin ruwan Alhamis zan shiga, sun ba ni sanduna biyu, in iska ta bari ranar Asabar da rana ina wurinku. Na gaya wa masu jiragen su nemi wani makaniken.

Maganar laifi ki ajiye ta, za mu raba ta in na zo, akwai isasshe.

Abu ɗaya za ki yi min. Shekara goma sha biyar ban ji waƙa da kunnena ba, sunayensu ma sun gudu min. Ki zauna kusa da shi ki tambaye shi a hankali wace waƙa suka fara da ita, wacce ce ta ukun, wace riga Len ya sa, me muka ci kafin mu shiga. Ki rubuta da manyan baƙaƙe. Kada ki aiko, ba za ta same ni ba. Ki bar ta wurin nas ɗin bakin ƙofa, in zauna a baranda in haddace kafin in shiga.

Ki kuma tambayi likita ko an yarda ya kurɓi wani abu, ko kaɗan ne. Ba na so in shiga hannu rabbana.

Terence